Tukunyar Gida da Kuɗin Shago: Yadda Ake Jinginar da Harajin Gobe

A Gomari, kamar sauran unguwannin Maiduguri da titi ya ratsa, da wuya ka ga gidan bakin hanya da bai fasa katangarsa ya fitar da shago ba. Wani gidan ɗaya, wani uku a jere: tela, mai cajin waya, mai POS, mai kayan masarufi. Da yawa gidajen gado ne, maigida ya rasu, ba a raba ba, 'ya'ya da jikoki na zaune tare. A irin wannan gida kuɗin hayar shago shi ke riƙe da tukunya. Da shi ake auno gero, a sayi gawayi, a sallami mai moya, a biya wa marayu kuɗin makaranta.

Mu ɗauki gida ɗaya irin wannan. Shagonsu guda ne, ƙofar katako, rufin ya soma yoyo, hayarsa naira 100,000 a shekara. Wata rana bayan isha'i sai ɗaya daga cikin samarin gidan, wanda ya fi kowa ido a harkar kuɗi, ya zauna gaban mahaifiyarsu da babban wansu.

"Yaya, shagon nan asara muke yi. In aka sa masa ƙofar ƙarfe, aka sauya kwano, aka shimfiɗa tayil, aka fitar da baranda, a 300,000 ma rububinsa za a yi."

"Da wane kuɗin?"

"Akwai Alhajin da zai yi aikin daga aljihunsa. Kuma ko sisi ba za a taɓa na cefane ba. Dubu ɗarin da Hajiya ta saba karɓa tana nan duk shekara. Abin da ya hau kai kawai shi Alhaji zai riƙa ɗauka, shekara goma, sannan shago ya dawo mana gaba ɗaya."

Hajiya ta gyara mayafinta ta ce, "In dai ba za a taɓa na tukunya ba, Allah ya sa albarka."

Abin da aka ƙulla a tsakar gidan nan shi biranen Amurka suka fi shekara 70 suna yi da harajin gidaje da filaye. Su TIF suke ce masa a taƙaice, mu kira shi jinginar ƙarin haraji. A jihar Kalifoniya aka fara shi a 1952, yau kusan kowace jiha a ƙasar tana da dokarsa, in ka cire Arizona. A can harajin gida shi ne ƙashin bayan ƙaramar hukuma: da shi ake biyan malaman makarantun gwamnati, da 'yan kwana-kwana, da 'yan sandan gari, da ɗakunan karatu. Ana ƙiyasta darajar gidanka, a yanka maka kaso duk shekara. To sai hukumar birni ta ɗauko taswira ta zagaye wata unguwa da ta ce ta lalace, ta rubuta darajar duk gine-ginen da ke ciki a wannan rana, ta daskarar da lissafin a nan. Harajin da wannan tsohuwar darajar ke haifarwa zai ci gaba da zuwa makarantu da sauran ma'aikatu kamar kullum. Duk abin da ya ƙaru daga baya kuwa wani asusu na daban zai shiga, a yi titi da magudanar ruwa da shi a cikin da'irar, ko a biya bashin da aka ciwo don yin su, ko a mayar wa attajirin da ya yi gini wani ɓangare na abin da ya kashe. A jihar Ilinoi wa'adin shekara 23 ne, kuma majalisar jiha na iya ƙara shi zuwa 35.

Ba abin mamaki ba ne 'yan siyasa suna sonsa. Ba a sanar da sabon haraji ba, ba a yanke wa kowace ma'aikata kasafi ba, ga kuma aiki ana gani da ido, har a zo a yanke zare. Aikin, in ji su, shi ke biyan kansa.

Mu koma gidanmu bayan shekara biyar. An gyara shago, ya yi kyau, mai sayar da magani ya kama, haya ta kai 400,000. Hajiya na karɓar 100,000 ɗinta, ba a taɓa yi mata fashi ba. Amma kwanon geron da take aunowa ya ninka kuɗi har ya sake ninkawa, buhun gawayi haka, kurar ruwa haka. Sai wata rana matar Yaya ta dawo daga maƙwabta da labari: shagon gidan da ke kallonsu, wanda ko fenti ba a shafa masa ba, mai tsohuwar ƙofar katako irin tasu ta da, yanzu 250,000 ake biya. Gari ya cika, kowa na neman wurin sana'a, naira ta faɗi, haya ta tashi ko'ina. Ashe cikin 300,000 da Alhaji ke ɗauka duk shekara, rabi ne kawai gyaransa ya haifar. Ɗaya rabin kuɗin tukunya ne, da zai zo ko da ba a ɗaga bulo ɗaya ba.

Saurayin nan bai yi ƙarya ba. Ba a taɓa abin da ke cikin tukunya ba a ranar da aka yi magana. Abin da aka jinginar shi ne ƙarin da tukunyar ke jira don ta bi tashin farashi, ita kuwa tukunya kullum kan ƙarin nan take rayuwa.

A wurinmu abin ya fi na Amurka muni nesa ba kusa ba, kuma lissafi ne mai sauƙi. Inda kaya ke tashi da kashi 3 cikin 100 a shekara, kuɗin da aka daskarar zai yi shekara 23 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. In tashin ya kai kashi 20, shekara huɗu kacal ta isa. A cika shekara 23 ɗin a haka, 100,000 ɗin Hajiya ba za ta sayi abin da 1,500 ke saya yau ba sai da ƙyar. Kashi 20 kuwa sassauci na yi in aka gwada da Disambar 2024, domin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a wannan wata hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8. Duk wanda ya zo ya ce a daskarar da kason makaranta a naira, na shekara ashirin, kyautar da kason ya nema a yi, ko ya sani ko bai sani ba.

Su ma masana tattalin arzikin Amurka tambayar da labarin matar Yaya ya taso da ita suke yi: da ba a yi ba, da ƙarin bai zo ba? Richard Dye da David Merriman sun bi garuruwa 235 da ke kewayen Shikago, suka wallafa a shekarar 2000 cewa darajar gine-gine a garuruwan da suka rungumi tsarin ta fi tafiyar hawainiya a kan ta waɗanda ba su runguma ba. Cikin da'irar kan bunƙasa, amma sau da yawa shagunan da suka cika ta daga wata unguwar garin suka taso. A 2014 William Lester ya duba da'irorin Shikago kanta, bai ga shaidar cewa sun ƙara ayyukan yi fiye da unguwanni makamantansu ba.

Akwai kuma abin da ba a kawo a zaman isha'in nan ba. Shago da ya bunƙasa yana zuwa da jama'arsa. Mai maganin ya ɗauki yara biyu, a randar gidan suke shan ruwa, bayin gidan suke shiga, firjinsa a wayar wutar gidan yake. Masai da ake kwashewa shekara uku sau ɗaya yanzu duk shekara ne. Wa ke biya? Tukunya. Haka birni yake. In aka gina gidaje dubu a cikin da'ira, yaransu makarantar unguwa za su cika, sharar su motar hukuma za ta kwashe, in gobara ta tashi 'yan kwana-kwanan gari za a kira. Harajin sababbin gidajen kuwa yana can cikin asusun da makaranta ba ta da mabuɗinsa.

Da tukunya ta kasa, sai Yaya ya tara ƙannensa. Mai Keke Napep da ke ba da 5,000 a wata ya koma 8,000, malamin firamare ya ƙara, har gwauruwar da ke suyar ƙosai a ƙofar gida aka ce ta riƙa kawo wani abu. Babu ɗayansu da ya ci bashin Alhaji, kuma babu wanda zai ce Alhaji ne ya ƙara masa kaso. A takarda, tsadar gero ce.

Haka harajin gidan talaka ke hawa a wurare irin su Ilinoi. Hukumar makarantu kan faɗi adadin kuɗin da take buƙata a bana, sai a raba shi a kan darajar gidajen da ke cikin lissafi. Tunda an cire ƙarin darajar da ke cikin da'irori daga lissafin, kafaɗun da za su ɗauki kayan sun ragu, sai kason kowa ya ɗaga. Tsohuwar da gidanta ke can ƙarshen gari, wadda ba ta taɓa taka sabon titin ba, ita ma tana biya, kuma takardar harajinta ba za ta nuna mata dalili ba. Inda doka ta ƙayyade kason da ba za a wuce ba, kamar Kalifoniya tun 1978, ba a iya ƙara wa mutane, sai hidimar ta rame ko gwamnatin jiha ta cike giɓin.

Shikago ce ta fi kowa nisa a wannan hanya. Ta buɗe da'irarta ta farko a tsakiyar birni a 1984, a zamanin magajin gari Richard M. Daley kuma, daga 1989 zuwa 2011, suka yaɗu har suka haura 100. Dokar don unguwannin da suka lalace aka yi ta, amma a 2006 sai ga shi an zagaye titin LaSalle, cibiyar bankunan birnin. Dalilin a fili yake: unguwar masu kuɗi ita ke haifar da ƙari mai tsoka, unguwar talakawa kuwa ko an zagaye ta abin da zai taru kaɗan ne. Tsarin da aka ce na marasa galihu ne sai ya fi yi wa masu galihu aiki. Daga 2020 abin da da'irorin birnin ke tarawa ya wuce dala biliyan 1 a shekara, kuɗin da ba ya bin hanyar kasafin da kansiloli ke muhawara a kai layi-layi. Ɗan jarida Ben Joravsky ya yi shekaru yana tona wannan asusu a jaridar Chicago Reader. A 2013 birnin ya rufe makarantun gwamnati kusan 50 a lokaci guda, galibinsu a unguwannin baƙar fata, yana kukan rashin ɗalibai da giɓin kuɗi. A shekarar kuma aka ware dala miliyan 55 daga irin wannan asusu don aikin otal da zauren wasan ƙwallon kwando. Hukuma ta ce aljihu biyu ne daban, kuma a doka haka ne. Iyayen yaran dai ba su ga bambanci ba. Yanzu kusan duk shekara sai magajin gari ya ce asusun ya yi rara, a kwaso ɗaruruwan miliyoyi a mayar wa makarantu da baitulmalin birni, wanda hakan kansa amsa ce ga mai tambayar ko kuɗin na wane ne tun asali.

Kalifoniya da ta haifi tsarin ita ta fara yanka shi. Hukumominta na sabunta birane sun haura 400, suna kwasar kusan dala biliyan 5 a shekara, wajen kashi 12 cikin 100 na harajin gidajen jihar duka, gwamnatin jiha kuma tana biyan makarantu abin da suka rasa. Da kuɗi suka yi wuya, Gwamna Jerry Brown ya sa aka rushe su a 2011, kotun ƙolin jihar ta tabbatar a ƙarshen shekarar, suka rufe ranar 1 ga Fabrairun 2012. An yi asara a nan ma, domin kashi 20 na kuɗin ana gina wa masu ƙaramin ƙarfi gidaje da shi. A 2014 suka dawo da tsarin a wata siga, da sharaɗin da ya kamata kowa ya riƙe: ba a taɓa kason makarantu.

In kuma ƙarin bai zo ba fa? Alhajin gidanmu mai sauƙi ne, abin da ya hau kai kawai ya ce zai ɗauka, in babu ya yi haƙuri. Birane kuwa sau da yawa takardun bashi suke sayarwa, masu kuɗin ruwa da ranar biya. Niyok ta ciwo sama da dala biliyan 2 ta kai jirgin ƙarƙashin ƙasa unguwar Hudson Yards, da zummar sababbin benaye za su biya. Tattalin arziki ya karye a 2008, gine-gine suka yi jinkiri, sai da birnin ya zaro fiye da dala miliyan 300 daga kasafinsa na yau da kullum ya biya kuɗin ruwa. Mutumin Maiduguri ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Gobarar Monday Market ta 26 ga Fabrairun 2023 da ambaliyar Alau ta 10 ga Satumbar 2024 sun nuna yadda dare ɗaya ke share lissafin shekara ashirin. Wanda ya ba da bashi kan harajin unguwar Gwange ko ta Gamboru, da ruwa ya janye zai zo karɓar kuɗinsa.

Duk da haka ba na cikin masu cewa tsarin zamba ne daga tushe. A sauya labarin gidanmu kaɗan: shagon ya rushe tun shekara goma, awaki ke kwana a ciki, ba mai haya, gidan kuma ba shi da halin tayar da shi. Alhaji ya zo ya gina. A nan duk abin da ya shigo aikinsa ne, tukunya ba ta rasa komai ba, bayan wa'adi kuma ta sami shago. Kusan haka aka yi a Landan. Tsohuwar tashar lantarki ta Battersea ta daina aiki a 1983, ta yi shekaru kusan 30 kango a bakin kogi, masu niyyar gyara ta suna zuwa suna karyewa, kuma rashin jirgin ƙasa na cikin manyan dalilai. Hukumar birnin ta ciwo bashin da ya kai fam biliyan 1, aka ja layin dogo da tasha biyu, aka buɗe a Satumbar 2021. Ana biyan bashin daga ƙarin harajin wuraren kasuwanci na yankin da kuma kuɗin da aka ɗora wa masu ginin kansu. Bambancin kango da shagon da ke da ɗan haya shi ne duk maganar, kuma mai neman kwangila kullum zai rantse maka kango ne.

A Najeriya wannan tsari bai zama ruwan dare ba, saboda harajin gidajen da za a jinginar ɗin shi kansa bai tsaya da ƙafarsa ba. Amma mun ga ɗan'uwansa, kuma ya iso Borno. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 7, wanda ya ba kamfanoni damar gina titin gwamnati da kuɗinsu, sannan su cire abin da suka kashe, da ɗan ƙari a kai, daga harajin da za su biya nan gaba. A Yulin 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince wa kamfanin Dangote tituna biyar na kusan naira biliyan 310 a wannan tsari, biyu a cikinsu namu ne: Bama zuwa Banki, da Dikwa zuwa Gamboru Ngala. A Oktoban shekarar aka amince wa NNPC tituna 21 na naira biliyan 621. Duk wanda ya san abin da hanyar Gamboru Ngala ke nufi ga fataucin Chadi da Kamaru ba zai yi jayayya da buƙatar ta ba. Sai dai a lura, wannan ya ma zarce na gidanmu, domin ba ƙari kaɗai ake ɗauka ba, uwar kuɗin ce. Harajin kamfanoni asusun tarayya yake shiga, inda jihohi ke da kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma kashi 20.60. Duk nairar da aka cire kafin ta kai asusun, akwai ɗan guntun Jere a cikinta, ƙaramar hukumar da Gomari ke ƙarƙashinta, kuma ba a tambayi kansila ko ɗaya ba. Borno ta yi sa'a ta sami titi a rabon. Jihohin da ba su samu ba su ma an cire nasu.

Matsalar Gomari ta yau kuwa kishiyar ta Shikago ce. Gwamnati za ta kashe kuɗin jama'a ta zuba kwalta, ta ja magudana, ta kafa fitilu masu aiki da hasken rana. Tun kafin motar daɓe ta bar layin, dillalai sun sauya baki: filin da jiya ake roƙon mai saye, yau "ai bakin kwalta ne, Alhaji." Mai shago ya ƙara haya, mai fili ya ninka kuɗi, wanda ya ji ƙishin-ƙishin ɗin aikin tun kafin a fara ya saye fuloti uku ya kwanta. An gani a unguwar Kwastam bayan gadar saman da aka buɗe a Disambar 2021, ana gani a duk layin da aka gyara. Ƙarin darajar nan kuɗin kowa ne ya haife shi, amma kusan dukkansa aljihun masu filaye yake tafiya. Ɗan haya shi ke biya sau biyu, makarantar firamaren unguwa kuma tana nan da ajin da yara ke zaune a ƙasa. Wato a gidanmu an gyara shago da kuɗin tukunya, ɗa ɗaya ya riƙe ƙarin hayar shi kaɗai.

Kayan aikin gyara wannan suna nan a doka. Tsarin mulkin 1999 ya sa ƙiyasta gidaje don karɓar harajinsu cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar birni a hannun gwamna, shi ke ba da takardar mallaka, shi ke karɓar kuɗin ƙasa. Gwamnatin Babagana Umara Zulum ta kafa hukumar BOGIS don ta sa filayen jihar a kwamfuta, kamar yadda Kaduna ta yi da KADGIS. Ranar 11 ga Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Abin da ya rage shi ne yarda, ita ce kuma mai wuya. Mutanenmu suna da dogon tarihi da mai karɓar haraji, shi ya sa har yau ake tuna Abubakar Rimi da soke haraji da jangali a Kano a 1979. Ko a Legas, da gwamnatin Ambode ta tsuga kuɗin harajin gidaje a 2018 sai da jama'a suka yi ca aka rage. Balle garin da ya sha yaƙi, ya karɓi 'yan gudun hijira, ya sha ruwa.

A nan ne nake ganin wannan dabara tana da abu ɗaya da za ta koya mana. Mai gida a Gomari da ba zai ba da ko naira ɗaya ga asusun da bai san inda ya nufa ba, zai iya bayarwa in an ce masa kuɗin layinsu a layinsu zai tsaya, ga magudanar da za a ja, ga ranar da za a gama, ga Bulama da limami cikin masu sa ido. Mutanen unguwa sun daɗe suna yin haka da kansu, in taransifoma ta ƙone ko rijiyar burtsatse ta lalace gida-gida ake bi a haɗa. Da rajistar filaye ta kammala, wata rana wani mai ba da shawara zai zo da kwamfutarsa ya nuna wa gwamnati yadda za a gina kasuwa ko rukunin shaguna a hanyar filin jirgi "ba tare da an taɓa kasafi ba". Zancen zai yi daɗin ji, kamar yadda ya yi wa Hajiya.

In ranar ta zo, ra'ayina shi ne a karɓa don magudanar ruwa da titi da famfo, abubuwan da kowa a unguwa zai mora, a ƙi shi in don a tallafa wa attajiri ya gina abin da dama zai gina ne. Kason da aka bar wa tukunya kada a rubuta shi a naira tsayayya, ya riƙa hawa da farashi duk shekara. Na makarantar firamare da asibitin sha-ka-tafi a cire shi gefe tun farko, kamar yadda Kalifoniya ta koya bayan shekara 60. Wa'adin kada ya wuce shekara goma, kuma abin da ya shiga da abin da ya fita a manna shi a sakatariyar ƙaramar hukuma da ƙofar Lawan, da Hausa da Kanuri.

'Yan majalisar jiha da ke wakiltar Jere da birnin Maiduguri, da kansilan Gomari, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na malamai: duk ranar da aka kawo muku irin wannan takarda, kafin ku sa hannu ku aika a tambayo nawa hayar shago ta tashi cikin shekara biyar a layin da ba a yi wa aikin komai ba. Wannan adadin a cire shi daga abin da za a jinginar, na makaranta ne da asibiti.